Ruwan Juma'a a Gidan Mainasara

Na Ni'mat Abdulmun'im (Maman Duha)

Shafi na 23

Salamu alaikum 'yan gida. Masu turo mini "ina ci gaba, ina ci gaba" dare da rana, ku yi haƙuri, wuta ce ta ƙi zama a unguwarmu Kalakla, waya sai na kai shagon mai sola. Ke kuma Wafa'a da kika rantse kika maya cewa aljanu ne, gyara zama. Shafin nan naki ne.

*

Ranar nan Mainasara bai je masallaci ba.

Ya yi alwala, ya zura jallabiya, ya buɗe ƙofar gida ya maida ita da ƙarfi don a ji ya fita. Sannan ya saɗaɗa ya shige daiwan, ɗakin baƙi. A nan ya yi asubarsa, ya tsuguna bayan labule.

Babban mutum fa. Tsohon ɗan majalisar jiha, wanda a da in ya yi tari a unguwar Alsawra sai an ce masa sannu. Yau ga shi laɓe a gidansa kamar ɓarawon kaji. Ni dai na ce, oh duniya!

Amma wanda ya ga abin da yake gani ba zai yi masa dariya ba.

Tun da suka dawo daga gudun yaƙi, kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya tarar da sabon simintin tsakar gidansa a jiƙe. Ba jiƙa irin ta wanki ba. Tsayi-tsayi, a jere, kamar an shimfiɗa baƙaƙen tabarmi. Ya kira mai gyaran famfo, ya ce babu bututu a wurin. Ya kawo malami ya yi karatu. Ya tambayi matarsa Mariyamu, ta ce, "Allahu a'alam," ta ci gaba da tankaɗenta.

Barci kuwa ya ƙaurace masa. Da ya rufe ido sai ya ji kamar ana sara ƙasa da diga a ƙarƙashin gadonsa. In ya farka, sunan da ke bakinsa ɗaya ne: Hisham. Ɗansa na fari, wanda ya ƙi bin su Misra, ya ce shi zai tsare gida. Wata rana wayarsa ta daina shiga, shi ke nan. Babu inda Mainasara bai aika ba. Wasu su ce an gan shi a tsare, wasu su ce ya tsallaka Libiya. Ita kuwa Mariyamu ko a cikin kuka ba ta kama sunan, don kunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa tun yana cikin zani.

Kuma yau ba ranar wasa ba ce. Dattawan unguwa za su wuto daga masallaci su sha shayi a gidansa, su roƙe shi ya shugabanci kwamitin gyaran unguwa. Shi ma yana so. Yana ganin in ya koma kusa da manya, ƙila ya samu wanda zai gaya masa inda Hisham yake. Tun jiya aka jera kujeru.

Gari ya fara haske.

Ƙiiiii...

Naffaj ce ta motsa, ƙaramar ƙofar nan da ke tsakanin katangarsa da ta maƙwabta. Ƙofar da shi da kansa ya sa wa kwaɗo shekarar da ya shiga majalisa, don ya gaji da masu shigo masa da koke.

Wata inuwa ta sunkuyo ta shigo, lulluɓe da farin tob, dogon mayafin mata, da buta a hannu.

Ta tsaya. Ta karkata butar. Ruwa ya zuba a hankali, daga nan zuwa can, tsawon mutum. Leɓenta na motsi. Ta matsa gaba ta sake zubawa.

Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa, sannan ya banko ƙofa ya fito.

"Ke! Mutum ko aljan?"

Ko gezau. Sai da ta ƙarasa zubawa ta ɗago.

"Mutum ce, ɗan Amna. Rage murya, akwai masu barci."

"Inna Tasalla?"

Ita ce. Tsohuwar maƙwabciyarsa mai sayar da kisra, gurasar dawa, wadda suka tsinci auduga tare da mahaifiyarsa Amna a gonakin Jazira tun kafin kowa ya san hanyar Omdurman. Ita ta yi wa uwarsa wankan jegonsa ma, in za a bi ta nan.

Tsoron ya juye ya zama fushi.

"Haba Inna! Ashe ke ce? Kin san watannin da na yi ban runtsa ba? Asiri kike mini? Me na tsare miki?"

"Asiri?" Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ni da ko ƙarfin daka ba ni da shi?"

"To ruwan mene ne wannan?"

"Ruwan Juma'a."

"Ban gane ba."

"Ka gane mana. Uwarka ba ta kai ka maƙabarta kana yaro ba? Me ake yi wa kabari ran Juma'a?"

Wata kurciya ta sauko daga katanga.

"Inna, nan gidana ne."

"Na sani."

Ta nuna jiƙar da ke gaban ƙafarsa da bakin buta.

"Ja da baya kaɗan. Maiturare ne nan, mai shagon kwana. Ciwon suga, babu allura."

Mainasara ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi.

"Wannan ƙaramar, jaririyar maƙwabciyarmu Nana A'isha ce. Ko suna ba a yi ba. Wancan wani bawan Allah ne, a bakin titi muka tsince shi, har yau ba mu san ko ɗan wa ba ne. Ni nake zuba masa, tunda ba shi da kowa."

Ta nuna jiƙa ta ƙarshe.

"Wannan kuma nawa ne. Salahuddin."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Salahuddin bakanike? Ce mini aka yi a asibiti ya rasu!"

"Wane asibiti? Ya fita neman mana ruwa, ɓaraguzan bam suka same shi a ciki. A cinyata ya cika."

Ya dafa bango. Ya kalli simintin nan da yake alfahari da shi, sumul, wanda jiya ma ya sa aka wanke don baƙi.

"A gidana? Kuka maida mini gida maƙabarta? Wa ya ba ku izini?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai, ɗan Amna. Ka manta filin bayan kasuwa?"

Jama'a, in kun ga yadda fuskarsa ta canza, sai kun tausaya masa. Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya.

"Filin da iyayenmu suka ware," in ji ta. "Suka ce in tsohuwar maƙabarta ta cika, nan za a koma. Ta cika kuwa. Sai ka shiga majalisa, ka tsaya kai da fata sai an yi tashar mota da shaguna a wurin. Aka kai mana sabuwar maƙabarta can bayan gari, inda ko raksha mai ƙafa uku ba ta zuwa sai an roƙi mai ita."

"Inna, ba ni kaɗai na..."

"Kai ka kawo maganar. Ina cikin rumfa ranar da ka zo ka yi mana bayani. Da sabon rawani. Na riƙe abin da ka ce kamar Fatiha."

"Bari, Inna."

"Ka ce, rayayye ya fi matacce buƙatar ƙasa. Aka yi ta tafi. Har ni na yi guɗa, Allah Ya yafe mini."

Nan fa ɗan majalisar da ke cikinsa ya farka. Ya miƙe tsaye.

"To ƙarya na yi? Ki faɗi tsakaninki da Allah! Wa ya kawo kwalta unguwar nan? Wa ya kawo tankin ruwa? Ɗakin haihuwar da Nana A'isha take zuwa awo, wa ya yi ta faɗa a majalisa har aka gina? Tashar nan gidaje nawa ta ciyar? Ke kanki a bakinta kike sayar da kisra! Mu da aka raina, ana ce mana 'yan tsintar auduga, ni na sa aka san da mu. Na san za a yi yaƙi ne? Ni na kawo shi?"

"Ban ce ba ka yi ba."

"To?"

"Ka yi kwalta. A kanta muka turo Salahuddin a baro."

Ta ci gaba.

"Mun nufi sabuwar maƙabartarka. Ko rabi ba mu yi ba masu bindiga suka ce mu juya, in ba haka ba a haƙa da mu. Muka koma tsohuwa, babu masaka tsinke, duk inda aka sara sai a tarar da wani. Muka je filin iyayenmu. Kankare, ɗan Amna. Ka zuba kankare mai kyau, ba ka ci amanar aiki ba. Diga biyu suka karye."

Ta goge ido da gefen tob.

"Rana ta take. Ɗana ya fara canzawa a cikin baro. Ƙudaje. Ina korar su da mayafi, ina cewa ku bar shi, ku bar shi. Gidajenmu ka san su, ɗaki ne da banɗaki, ina za a haƙa? Muna tsaye a ƙofar gidan nan ba mu san inda za mu nufa ba, sai aka buɗe."

"Wa ya buɗe?"

"Hisham."

Kamar an jona masa wuta. Ya yi wuf ya riƙe hannunta.

"Hisham? Kin gan shi? Yaushe? Inna, don girman Allah, yaushe rabonki da shi?"

"Ya kalli baron, ya kalle ni. Ya ce, Hajja, babana ne ya ɗauke muku fili, to ga nasa. Ya wangale ƙofa. Shi ya karɓi digar da ta rage."

"Ina ya tafi bayan nan? Wa ya kama shi?"

"Duk waɗannan shi ya haƙa. Hannunsa har ya fashe. Yaron da ko shara ba ka bari ya yi. In an kawo gawa sai ya ce, ku shigo, gidan ɗan majalisa na kowa ne."

"Ba wannan na tambaye ki ba!"

"Muka sa wa kowa alama. Tubali a kai, tubali a ƙafa, da ganyen dabino. Na jaririya fasasshen tulu muka kafa. Da yunwa ta kore mu Jazira, haka muka bar su, kowa da shaidarsa. Na dawo na leƙo ta katanga..."

Ta buga ƙafa a simintin.

"Na ga wannan."

Sai a lokacin ya tuna. Wayyo, gara ma bai tuna ba.

Yana zaune a Misra, gaban fanka, ya kira ɗan kwangilar da ya turo ya gyara gida kafin su dawo. Mutumin baƙo ne, ba ɗan unguwa ba. Ya ce, "Ustaz, akwai tudun ƙasa-ƙasa a tsakar gida, da tubala a tsaye." Shi kuma ko bari ya ƙarasa bai yi ba. Ya ce, "Ku baje komai ku zuba siminti. Ba na son matata ta dawo ta ga tarkacen yaƙi."

Da bakinsa. Sau biyu ke nan yana zuba musu kankare.

Ya durƙushe a wurin, ya riƙe kai.

"Ban sani ba... wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba dai."

Daga nesa aka fara jin muryoyin maza. An fito daga masallaci.

Mainasara ya zabura. Kun san hali zanen dutse.

"Inna, saurara. Kada kowa ya ji wannan yau. Baƙi na tafe. In na karɓi kwamitin nan, aikin farko da ma shi ne kwashe kaburburan da aka yi a gidaje da filaye. Zan sa a zo nan a ɓoye, a tone su cikin mutunci, a kai su sabuwar maƙabarta. Har allo zan sa wa Salahuddin, na yi miki alkawari."

"A baƙar ledar gawa? Da lamba?"

"Haka tsarin yake..."

"Can inda raksha ba ta zuwa? Da ƙafafun nan nawa?"

"Inna, gida ne fa! Mutane ke zaune a ciki! Ai rayayye..."

Ya datse harshensa.

Tasalla ta zuba masa ido. Ni kam gara ta mare ni da wannan kallon.

"Ƙarasa mana," ta ce.

Ya kau da kai.

Ya ja ƙafa zuwa gindin bishiyar lemo, inda kujerarsa take, wadda yake zama kullum da yamma yana buga waya yana cigiyar ɗansa. Daga tagar daiwan ba a hango wurin. Ya faɗa a kanta yana haki.

Sanyi ya taɓa tafin ƙafarsa.

Ya duba ƙasa.

Jiƙe. Tsawon mutum, daga gindin bishiyar har ya wuce ƙarƙashin kujerar. Ta fi sauran jiƙa nesa ba kusa ba, ruwan har ya kwanta. Ga 'yar dawa an watsa a gefe, irin wadda ake watsa wa tsuntsaye sadaka. Ashe shi ya sa kurciyoyi suke taruwa a ƙafarsa kullum, yana korar su da carbi.

"Inna."

Ta waiwayo.

"Inna, ina kallonki tun da kika shigo. Ba ki zo nan ba."

"Ban zo ba."

"To wa ya zuba wannan?"

Ta kifa butarta, ko ɗigo babu.

"Ni marasa kowa nake zuba wa, sai nawa. Wanda ke nan yana da mai zuba masa."

"Wane ne?"

"Ba a bakina za ka ji ba. An roƙe ni."

"Wa ya roƙe ki?"

"Ɗan Amna, kai da ka yi boko. Dubi ƙofar da na shigo. Ta wane gefe kwaɗon yake?"

Ya waiwaya.

Kwaɗon na rataye a buɗe, da makulli a jiki. Ta gefen gidansa. Makullin da tun ranar da aka sa shi yake ɗaure a bakin zanin mutum ɗaya.

A hankali ya juya.

Mariyamu na tsaye a ƙofar kicin. Bai san tun yaushe ba. Gefen tob ɗinta sharkaf, ya manne a ƙafarta. Buta a hannun dama, ragowar dawa a tafin hagu. Idonta a bushe ƙamas, kuma wannan ya fi ba shi tsoro fiye da komai.

"Mariyamu..."

"Na'am, Alhaji."

"Kin sani?"

"Tun daren da muka sauka. Kana daiwan kana karɓar 'yan barka da zuwa, Inna ta kira ni ta katanga."

"Kika bar ni ina ta... kina ji ina buga waya Libiya! Kina kallona!"

"Ina kallonka."

"Me ya sa?"

"Sau nawa na zo zan faɗa. In zo in tarar kana gaya wa mutane tsarinka, za a tone, za a kwashe, za a kai bayan gari. Na san ka, Alhaji. In ka sa abu a gaba ba ka waiwaye. Ni kuma nan nake so. Inda in na fito da asuba zan ce ina kwana."

Ƙwanƙwasa ƙofa. Dam, dam, dam.

"Salamu alaikum ya Ustaz! Mun iso! Yau ba ka zo masallaci ba, lafiya dai?"



"Mata suka haƙa," in ji Mariyamu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Maza sun ƙare a layin nan. Inna da Nana A'isha, da digarsa. Suka zaɓa masa inuwa."

Mainasara ya ƙanƙame hannun kujera.

"A'a. A'a, Mariyamu. An gan shi. Mutum ya rantse mini ya gan shi a tsare. Wani ne wannan. Ki ce mini wani ne!"

Dam, dam, dam.

"Ya Ustaz Mainasara! A buɗe mana, jama'a na jira!"

"Ki faɗa mini wane ne! Ki faɗi sunansa in ji!"

Inna Tasalla ta rufe fuska da tob.

Mariyamu ta tako har gabansa. Ta durƙusa, ta ajiye butar, ta shafa jiƙaƙƙen simintin da tafin hannu, yadda ake shafa bayan yaro mai barci. Matar da tun ranar suna bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, ko da wasa, ko da kure.

Ta ɗago ta dube shi.

"Hisham ne, Alhaji. Hisham ɗina."

Ta kama ƙafar kujerar.

"Tashi. A kan ƙirjinsa kake zaune."